Katin 'Yan Gida a Gidajen Caca: Yadda Ake Hawa Matakin Ƙoli da Abin da Hawan Yake Ci

A manyan otal-otal na Las Vegas, hanyar da za ta kai ka ɗakin kwana ta tsakiyar injinan caca aka bi da ita, ko kana so ko ba ka so. In ka rage sauri ka duba, za ka ga kusan kowane mai wasa ya soka wani ɗan kati a jikin injin. Tsofaffin hannu ma har ɗaure shi suke yi da igiyar roba mai murɗe-murɗe irin ta tsohuwar wayar tarho, su maƙala ɗaya bakin a rigarsu, don kada su tashi su mance shi. Sai ka rasa wa ya ɗaure wani, mutumin ne ya ɗaure katin, ko injin ne ya ɗaure mutumin. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan katin suke, da matakan da ke cikinsa, da lissafin da kamfanonin ke yi kafin su kira mutum babban baƙo.

Shi wannan katin, na mene ne?

Katin rajista ne, kyauta ake bayar da shi. Mutum ya nuna shaidar cewa ya kai shekara 21, wato ƙa'idar jihar Nevada ta Amurka, inda Las Vegas yake, a rubuta sunansa da adireshinsa, a miƙo masa kati. Daga ranar duk inda ya soka shi ko ya miƙa shi, kwamfuta na rubutawa: wane inji, ƙarfe nawa ya zauna, nawa yake zubawa a kowane juyi, yaushe ya tashi. A madadin haka ana tara masa maki. Makin iri biyu ne, kuma masu sabon shiga kan rikita su. Akwai na kashewa, wanda za ka biya kuɗin abinci ko ɗaki da shi. A tsarin kamfanin caca na Caesars kowane ɗaya senti ɗaya ne, wato maki 100 dala ɗaya. Akwai kuma na matsayi, wanda ba ya sayen komai, aikinsa kawai ya nuna a wane mataki kake. Wannan na biyun shi ne ake tsere a kansa.

Wa ya ƙirƙiro wannan tsari?

Bai wa babban ɗan caca ɗaki da abinci kyauta tsohuwar al'ada ce a Nevada, sai dai a da shugaban tebur ne ke yi da ido da sanayya. Katin inji ya fara yaɗuwa ne a Atlantic City, birnin caca na jihar New Jersey, a shekarun 1980, lokacin da kamfanonin jiragen sama suma suka shigo da tara maki ga matafiya. Wanda ya mai da abin kimiyya shi ne kamfanin Harrah's. A 1997 ya fito da Total Gold, kati ɗaya mai aiki a duk gidajensa, a 2000 aka sake masa suna Total Rewards. A 1998 kamfanin ya ɗauko Gary Loveman, malamin makarantar kasuwanci ta Harvard, wanda bai taɓa riƙe gidan caca ba, ya ba shi ragamar gudanarwa, daga baya ya zama shugaba a 2003.

Abin da Loveman ya tono a cikin bayanan katin shi ne ya sauya harkar. Ya bayyana a 2003 cewa kashi 26 cikin 100 na masu zuwa su ne ke kawo kashi 82 na kuɗin shiga, kuma ba attajiran da ake tunani ba ne. Akasari masu matsakaitan shekaru ne da 'yan fansho, tsofaffin malaman makaranta, ma'aikatan banki da makamantansu, masu zuwa a kai a kai su zauna gaban inji. Harrah's ya sayi Caesars a 2005, ya ɗauki sunan a 2010, tsarin kuma ya koma Caesars Rewards a 2019. Lokacin da babban reshen kamfanin ya shiga shari'ar karayar arziki a 2015, masu bin bashi sun yi wa wannan rumbun bayanan kuɗi kusan dala biliyan ɗaya, fiye da kowane otal ɗaya na kamfanin. Sunayen mutane da halayensu sun fi gini daraja.

Matakan nawa ne, kuma maki nawa kowanne ke buƙata?

Kowane kamfani da nasa. A Caesars ana farawa daga Gold, wanda kowa ke samu da zarar ya yi rajista. Platinum maki 5,000 ne a shekara, Diamond 15,000, Diamond Plus 25,000, Diamond Elite 75,000, sai Seven Stars a 150,000, shi ma sai kamfanin ya duba ya amince. A MGM Rewards na kamfanin MGM, wanda kafin 2022 ake kira M life, ana tashi daga Sapphire zuwa Pearl a 20,000, Gold a 75,000, Platinum a 200,000, sannan Noir, wanda ba a faɗi adadinsa ba, gayyata ce kawai. Kada a gwada lambobin kamfani biyu kai tsaye, don mudun awon kowa daban ne, kuma kusan kowace shekara sai sun taɓa ƙa'idojin.

Da asarar da mutum ya yi ake auna shi?

A'a, kuma nan ne zuciyar maganar. Gidan caca bai damu sosai da ko yau ka ci ko an cinye ka ba. Abin da yake aunawa shi ne abin da lissafi ya ce za ka rasa in ka ci gaba da wasa yadda kake yi. 'Yan harkar suna kiran wannan adadin "tiyo", gajeren suna ne na asarar da ake hasashe. Bahaushe in ya ji tiyo sai ya tuna wanda ake zuƙe fetur da shi daga tanki, kuma kwatancen bai yi nisa ba.

Abu huɗu ake ninkawa: matsakaicin zubinka, yawan zagaye a awa ɗaya, yawan awoyin da ka zauna, da rinjayen da gida ke da shi a wasan. Rinjayen nan sananne ne, ba ɓoyayye ba. Rulet, wato faifai mai lambobi da ake juyawa a jefa ƙwallo a ciki, irin na Amurka mai sifiri biyu, kashi 5.26 cikin 100 ne. Mai sifiri ɗaya 2.7; sabon da suka shigo da shi mai sifiri uku kuwa 7.69. Wasan karta na bakarat bai wuce 1.06 zuwa 1.24 ba a manyan zubinsa biyu. Blakjak, shi ma wasan karta, a hannun wanda ya iya, a tebur mai ƙa'ida mai kyau, kusan rabin kashi ɗaya ne.

Ɗauki mutumin da ke zuba dala 100 a kowane juyin rulet mai sifiri biyu, juyi 40 a awa, ya yi awa huɗu. Dala 16,000 ke nan suka ratsa tebur ta hannunsa. Kashi 5.26 na wannan ya kama kusan dala 842. Wannan ita ce darajarsa a ranar, a idon gida. Ko ya tashi da ribar dala 3,000, a littafinsu mutumin dala 842 ne, kuma za su yi masa fara'a su ba shi ɗaki don ya dawo gobe, saboda sun san in zama ya yi tsawo lissafi ba ya ƙarya. Wanda kuwa ya shigo ya zuba dala 2,000 a juyi ɗaya aka cinye, ya juya ya fita, tiyonsa dala 105 ne kacal. Ya fi na farkon jin jiki, amma bai kai shi daraja ba. Shi ya sa tsarin ba ya saka wa mai ƙarfin hali, mai zama yake so.

A inji kwamfuta na ƙirgawa. A tebur fa, wa ke ƙirgawa?

Mutum. Ka zauna, ka ajiye katinka tare da kuɗin da za a canza maka zuwa ƙwandalolin wasa, mai raba karta ya miƙa wa mai kula da teburan da ke tsaye a bayansa cikin kwat. Shi zai shigar da lokacin zamanka, ya riƙa leƙowa jefi-jefi, in ka tashi ya rubuta matsakaicin zubinka bisa abin da idonsa ya gani. Tunda ido ne, akwai kuskure, akwai kuma wayo. Wasu kan ɗaga zubi in sun hango shi yana zuwa, su rage in ya juya baya. Wasu kan tafi bayan gida su daɗe, kujerarsu tana nan agogo na tafiya. Masu kula da teburan sun san duk wannan, ba yau aka fara ba. Wasu gidajen yanzu sun sa na'ura a cikin ƙwandalolin kansu, tebur na karanta kowane zubi, don a rufe wannan ƙofar.

Mai ladabi kan tambaya kafin ya tashi: nawa ka rubuta mini? Ba laifi ba ne, kuma in ya ga an rage masa yana iya yin magana.

To a taƙaice, dala nawa ake kashewa kafin a kai Seven Stars?

Sai an fara bambanta kuɗin aljihu da kuɗin da ya ratsa inji. In ka sa dala 100, kana juyi na dala ɗaya-ɗaya, kana ci kaɗan kana mayarwa, kafin ɗarin nan ta ƙare wataƙila ka juya dala 1,000 ko fiye. Wannan jimlar ake ƙirgawa. Mai saurin hannu yana yin juyi 600 a awa, don haka mai zuba dala 3 yana ratsa dala 1,800 duk awa ba tare da ya lura ba.

A ƙa'idar Caesars da aka daɗe a kanta, dala 5 a injin juyi maki ɗaya ne, dala 10 a injin karta maki ɗaya. Ke nan maki 150,000 na nufin dala 750,000 su ratsa injin juyi. In muka ɗauka injin na riƙe kashi 8 cikin 100, asarar da ake hasashe dala 60,000 ce.

Amma kusan babu mai hankalin da ke bin wannan doguwar hanya, saboda akwai garaɓasar rana. Wanda ya tara maki 1,000 a yini ɗaya ana ƙara masa 1,000. Mai 2,500 a ƙara masa 5,000. Mai 5,000 a ƙara masa 10,000. Saboda haka yini ɗaya na maki 5,000 yana zama 15,000, wato Diamond a rana guda. Irin wannan yinin guda goma, ka kai 150,000. Yanzu dala 250,000 ne za su ratsa inji maimakon 750,000, asarar hasashe ta sauko zuwa dala 20,000. Akan kuma ware wasu ranaku a ninka maki sau biyar ko fiye, masu farautar matsayi kuwa kalandarsu a kan waɗannan ranakun take.

A duba abin da garaɓasar ke koya wa mutum. Ba ta saka wa mai zuwa kullum yana wasa kaɗan-kaɗan, tana saka wa mai narka dala 25,000 a zama ɗaya. Wanda yake a maki 4,200 da ƙarfe biyun dare, ido ya yi ja, ya san saura 800 a ba shi 10,000. Da wuya ya tashi. Ni a ganina ba don rangwame aka tsara ta ba, don wannan sa'ar ta ƙarfe biyun dare aka tsara ta.

Babu hanyar da ta fi wannan sauƙi?

Masu lissafi sukan koma injin karta, inda iya wasa ke da tasiri. Akwai wani nau'insa da ke mayar da kashi 99.54 cikin 100 ga wanda bai yin kuskure ko ɗaya. A kan takarda, ratsa dala 500,000 a irinsa, wato abin da yini goman nan ke buƙata, asarar dala 2,300 ce kawai. Sai dai gidajen ba barci suke ba: irin waɗannan injinan sun yi ƙaranci, inda suke kuma akan rage makin da suke bayarwa, a liƙa sanarwa ƙarama a jiki. Ga kuma abin da takarda ba ta nunawa. Wani yanki na wancan kashi 99.54 yana cikin babban haɗin karta da ke fitowa kusan sau ɗaya a hannu 40,000. In bai fito maka ba a makon, asararka za ta ninka ta lissafi sau da yawa.

Ana iya samun matsayi ba tare da an yi caca ba?

Matakan tsakiya, e. Kuɗin ɗaki, abinci da kallon wasanni duk suna kawo maki. A Caesars dala ɗaya ta abinci maki ɗaya ce. Akwai kuma musayar matsayi tsakanin kamfanoni. An yi shekaru mai matsayin Diamond a otal-otal na Wyndham yana karɓar Diamond na Caesars ba tare da ya taɓa inji ba, MGM kuma ya yi irin wannan da Hyatt har 2023, sannan ya koma Marriott. Amma kati da alfarmar matakinsa kawai za ka samu. Tayin ɗaki kyauta na kwana huɗu da kuɗin wasa kyauta daga tiyo suke fitowa, mai tiyo sifiri kuwa ko wane launi katinsa yake, akwatin saƙonsa shiru ne. Seven Stars da Noir ba a shiga su ta taga.

Me ake samu a can saman?

A Caesars, daga Diamond ake yafe kuɗin hidimar otal da ake ɗora wa kowane dare, wanda a manyan otal-otal na Las Vegas ya kai wajen dala 50. Akwai ajiye mota kyauta, layi na daban a wurin karɓar baƙi da gidan abinci, da liyafar dala 100 sau ɗaya a shekara. Mai Seven Stars liyafarsa ta dala 500 ce, ga tafiyar hutu ta shekara da ake biya masa jirgi har dala 1,200, ga falon hutawa na manyan baƙi, ga tayin balaguron jirgin ruwa. Na sama da haka akan ɗauke musu ɗaki da ci da sha gaba ɗaya, mota ta tarbe su a filin jirgi.

Layin daban ɗin nan kada a raina shi. Da gangan ake yin sa a inda kowa zai gani: mutum hamsin na tsaye da akwatuna, wani ya zo ya wuce ta gefen igiya, ma'aikaciya ta kira sunansa. Wanda ya wuce ya ji daɗi, waɗanda ke tsaye kuma sun ga abin da za su nema. Kamfanin bai kashe ko sisi ba.

Kyautar tana kaiwa yawan asarar?

Ba ta kaiwa, kuma ba a tsara ta don ta kai ba. Wani yanki ne na tiyo ake mayarwa, bai kai rabi ba. Gyara ce irin ta mai awo a kasuwa: ka sayi tiya goma ya ƙara maka tafi ɗaya, ba don ya yi asara ba. Bambancin kawai, a kasuwa ka tafi gida da tiya goman. Sannan gyarar ma da kayan gida ake biyan ta. Ɗakin da aka rubuta dala 300 a kansa, in daren Talata ne da ba baƙi, abin da gida ya kashe bai wuce wankin zanin gado da shara ba. Kuɗin wasa kyauta kuma ba a cire shi a sa aljihu, sai an ratsa shi ta inji tukuna. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wane ne "mai masauki" da ake cewa manyan 'yan caca na da shi?

Ma'aikacin gidan ne da aka damƙa wa jerin sunayen baƙi. Ya yi kama da fatoma a zangon fatake: shi ke tanadar masauki, ya san abincin da kake so, ya san ranar haihuwar matarka, ya samo tikitin damben da aka ce ya ƙare, in an yi maka mugun ci ya zo ya dafa kafaɗarka ya yafe kuɗin abincin daren. Da yawansu mutanen kirki ne a mu'amala. Amma ana auna aikinsa ne da yawan wasan da mutanensa suka yi, kuma in ya buɗe kwamfuta abin da ya fara gani shi ne matsakaicin tiyonka na kowace rana.

Wannan matsakaicin yana da tarko. Wanda ya saba wasan tiyo dala 800 a rana, in wata rana ya biyo wucewa ya soka kati ya yi minti goma, an ƙirga masa ranar, matsakaicinsa ya faɗi, tayin wata mai zuwa ya ragu. Shi ya sa za ka ji tsofaffin hannu na cewa ko dai ka yi wasa sosai ko kada ka soka katin sam. Nan ma shawarar ta koma ga zubi mai yawa.

Ta hannun mai masaukin ake kuma neman bashin wasa, wanda ba ruwa a kansa na ɗan lokaci. A Nevada takardar bashin nan daidai take da cakin banki; in ta dawo ba kuɗi, maganar ta zama ta mai gabatar da ƙara, ba ta bashi kawai ba.

In mutum ya kai, ya kai ke nan har abada?

Ina! Ranar 1 ga Janairu makin matsayi ke komawa sifiri. Matsayin da ka samu zai raka ka shekara mai zuwa, amma in ba ka sake tarawa ba, ka sauko. Don haka Disamba watan gudu ne: wanda ya rage masa maki 12,000 zai hau mota ko jirgi ya je ya cike, ba don yana marmarin wasa ba, sai don kada babban katinsa ya koma na kowa da kowa. Saukowa daga layin manya zuwa na talakawa ta fi rashin hawa tun farko ciwo, kamfanonin kuma sun san haka.

Zan iya ba wani katina ya tara mini?

Ƙa'ida ta hana. Wasu ma kan bar katinsu a cikin inji da gangan, wai ko wani zai zauna ya yi wasa bai lura ba. In aka gano, akan soke makin, wani lokacin a rufe asusun gaba ɗaya.

Akwai abin da ya fi Seven Stars da Noir?

Akwai, amma ba a buga shi a takardar talla. Can yarjejeniya ce ta mutum da gida: nawa ne iyakar zubinka, kashi nawa za a mayar maka in ka yi asara, jirgin wa zai ɗauko ka. Misalin da ya fi shahara shi ne Terrance Watanabe, ɗan kasuwa daga Omaha a jihar Nebraska, wanda ya gaji kamfanin Oriental Trading ya sayar a 2000. A 2007 kaɗai ya yi asarar kusan dala miliyan 127 a Caesars Palace da Rio, gidajen Harrah's biyu, abin da ya kai kashi 5.6 cikin 100 na kuɗin cacar da Harrah's ya samu a Las Vegas a shekarar. An ƙirƙira masa matakin kansa mai suna Chairman a saman Seven Stars, ana mayar masa da kashi 15 na manyan asarorinsa a tebur. Abin da ya sa ya yi tsada haka, yana son rulet da injin juyi, wasannin da rinjayen gida ya fi yawa.

Ƙarshenta a kotu aka kwana. A 2009 aka tuhume shi kan bashin dala miliyan 14.7, shi kuma ya zargi kamfanin da ɗura masa giya da magunguna yana wasa, zargin da kamfanin ya musanta. An sasanta a 2010 aka janye tuhumar. A 2013 hukumar caca ta New Jersey ta ci tarar kamfanin dala 225,000 a kan lamarin.

An taɓa samun wanda ya juya tsarin a kan gidan?

An taɓa. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 gidajen Atlantic City sun shiga yunwar manyan baƙi, sai wani mai suna Don Johnson ya yi ciniki da su: zubi har dala 100,000 a hannu ɗaya na blakjak, ƙa'idojin tebur masu sauƙi, da mayar masa kashi 20 in asararsa ta kai dala 500,000. Da aka haɗa duka, rinjaye ya dawo wajensa. Tsakanin Disamba 2010 da Afrilu 2011 ya kwashe kusan dala miliyan 15 daga Tropicana, Borgata da Caesars. Shi ba maki ya bi ba, ya zo ne da jarin miliyoyi da lissafi, kuma da suka farga suka janye tayin.

Haka abin yake a Makau, birnin caca na ƙasar Sin?

Can ƙasaitar ta fi, hanyar kuma daban ce. Shekaru da dama manyan baƙi daga babban yankin Sin ta hannun dillalai suke zuwa, masu ɗakunan alfarma a cikin gidajen caca, su ba da bashi, su karɓo. Ana sayar wa baƙo ƙwandaloli na musamman da ba a mayar da su kuɗi sai an yi wasa da su, ana biyan la'ada a kan yawan abin da aka juya, wadda gwamnati ta ƙayyade kada ta wuce kashi 1.25. Tushen ɗaya ne da na Amurka: juyi ake saya, ba sakamako ba. Harkar ta rushe bayan kama Alvin Chau, shugaban Suncity, babban kamfanin dillalan, a Nuwamba 2021. A Janairu 2023 aka yanke masa shekara 18.

Hukumomi ba sa cewa komai?

Birtaniya ce ta fi taka musu burki. Bayanan hukumar cacar ƙasar da suka fito a farkon 2020 sun nuna wani kamfani na samun kashi 83 cikin 100 na kuɗin da ake zuba masa daga kashi 2 kacal na abokan hulɗarsa, wato manyan baƙin. A Maris na shekarar kamfanin cacar Betway ya biya fam miliyan 11.6, a Afrilu reshen Caesars na Birtaniya ya biya fam miliyan 13, duka kan sakaci da manyan baƙi da rashin bin diddigin inda kuɗinsu ya fito. Daga ƙarshen Oktoba 2020 doka ta wajabta a tabbatar mutum na da halin abin da yake kashewa kafin a sa shi a sahun manya. Dalilin a bayyane yake: alamomin babban baƙo, wato doguwar zama, yawan zuwa, ƙara zubi bayan asara, su ne dai alamomin wanda caca ta zame wa ciwo.

Ina bayanan mutum suke zuwa?

Suna nan a ajiye, kuma ɓarayi sun san darajarsu. A Satumba 2023 Caesars ya sanar cewa masu kutse sun kwafi rumbun bayanan masu katin, har da lambobin lasisin tuƙi da na Social Security (lambar haraji da fansho ta Amurka) na mutane da yawa. A watan ne aka kutsa wa MGM, injina da makullan ɗakuna suka tsaya na kwanaki, kamfanin ya ƙiyasta asarar kusan dala miliyan 100.

Wannan ya shafe mu a nan?

Hukuncin caca a Musulunci ba ya buƙatar dogon bayani, aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya sun ce a nisance su, kuma a 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano. Amma tsarin matakan ya riga ya bar falon otal ya shiga waya. Manhajar da ke ce wa yaro ya zama babban ɗan gida, ko ta mayar masa da wani abu daga asarar mako, ko ta ba shi zubi kyauta in ya kwana biyu bai leƙo ba, lissafin tiyo ɗin nan take yi, da naira ko sefa maimakon dala.

In mutum ya daina zuwa, me ke faruwa?

Da farko tayin ƙaruwa yake yi. Kwamfuta ta san tazarar da ka saba yi tsakanin zuwa da zuwa, in ka wuce ta sai saƙo ya shigo: kwana uku kyauta, kuɗin wasa ya fi na da, mai masauki ya kira ya ce kwana biyu, lafiya dai? In shiru ya yi tsawo sai tayin ya fara raguwa, makin kashewa ya mutu (a Caesars wata shida ba motsi ya isa), sunanka ya fita daga jerin mai masaukin. Wanda yake son yanke igiyar da kansa, jihohi da yawa na Amurka irin su New Jersey da Pennsylvania suna da rajistar hana kai, Birtaniya kuma tana da GAMSTOP na cacar intanet tun 2018. Wanda ya sa hannu a irin wannan rajistar, doka ta hana a aiko masa da talla, in kuma ya saci jiki ya shiga ya ci, ba za a biya shi ba.